Tudun da Na Zaɓa a Taswira

Ko zan manta da komai na aikin gwamnati, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a wani ƙauye da ke bayan Babban Mutum ba. A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu ne, ina sabon ma'aikaci, ba a ma tabbatar mini da aikin ba. Sai ga doka daga jiha: kowace ƙaramar hukuma ta tanadi wurin da jama'a za su gudu idan ambaliya ko gobara ta auku, kuma a yi atisaye a gaban jami'i daga Katsina. Shugabana ya ce idan abin ya yi kyau, takardar tabbatar da aikina ta fito. Idan bai yi ba, in san inda dare ya yi mini.

Maimakon in hau babur in je in ga garin, sai na baje taswira a tebur (damina ce, kuma ina ji da sabon takalmina). Na hango wani tudu gabas da gari, fili fetal, babu gida ko ɗaya. Na zana masa jan biro. Na rubuta wa mai gari cewa bisa doka, ranar Talata da hantsi kowa ya hallara a tudun gabas, a zo da diga da shebur, da abin ɗaukar wanda ba ya iya tafiya, da farin ƙyalle na ɗaure rauni. Har na yaba wa kaina a kan tsari.

Ranar muka shiga garin ni da jami'in, wani dattijo mai ƙarancin magana. Tsit. Babu ƙarar daka, babu kukan yaro. Ƙofofi duk a rufe, an bar tabarmi a gindin bishiya da butar alwala a kai. Daga wani gida muka ji muryoyin mata ƙasa-ƙasa suna ta salati. Duk da haka bakina bai mutu ba.

"Yallaɓai, ka ga biyayya ga doka," na ce. "Duk sun fita."

Muka bi wata siririyar hanya zuwa tudun, ina gaba ina taƙama. Da muka hau sai na fara ganin 'yan tsibin ƙasa a jere, da fasassun tukwane a kansu. Ashe maƙabartar garin ce na zana wa jan biro.

Mazan garin kaf suna tsaye sahu-sahu, ba mai motsi. Ga makara a ajiye a gabansu, ga farin yadi a ninke a kanta, ga kuma sabon kabari an haƙa, ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Mai gari ya matso, ya gaida jami'in.

"Yallaɓai, ku faɗa mana gaskiya. Annoba ce ke tafe? Tun da takarda ta zo muke yafe wa juna. Mata dai ba sa shiga nan, mun bar su a gida. Mun haƙa ɗaya, in ana buƙatar ƙari mu ƙara."

Jami'in ya juyo ya dube ni. Na buɗe baki in yi bayanin doka, sai na ji ina cewa, "Ranka ya daɗe, gwaji ne kawai."

"Gwaji?" in ji limamin garin. "Malam, gwajin mutuwa gwamnati take yi yanzu?"

Da ma dariya aka yi mini, da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Wani tsoho da aka ce ya riga ya yi wasiyya ya zauna a ƙasa yana sauke ajiyar zuciya. Liman ya ce ba za su tafi su bar kabari a buɗe ba. Ya ɗauki shebur ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi.

Haka na tsaya cikin shaddata mai sitaci, rana na dukana, ina mayar da ƙasa a ramin da babu kowa a ciki, mutum sama da ɗari suna kallona shiru. Kowane shebur na zuba, ji nake takardar tabbatar da aikina nake binnewa. Ita ɗin ce kuwa, don sai da na ƙara shekara guda ina jira.

Tun daga nan na koyi cewa idan ka ga fili mai kyau a kan tudu, kuma duk gari ba wanda ya gina gida a kansa, to ka tambaya tukuna. Mai yiwuwa akwai masu shi a kwance.