Injin da Aka Yi wa Taransifa

Wani ne a Jalingo, a shekarun nan da aka yanke Taraba daga Gongola, aka kwaso ma'aikata daga Yola aka zube su a gari. Shi ma cikinsu yake, ƙaramin akawu mai jera biro a aljihu, rabinsu ba sa rubutu. Mutum ne mai haƙuri, ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Abu guda ne ya tsaya masa a wuya, surukarsa.

Ba wai tana zaginsa ba. Dada Aisatu Bafulatana ce mai kunya, ko sunansa ba ta kamawa. Matsalar ita ce tana da wani surukin, Yuguda, mijin babbar 'yarta, mai farar Fijo. Duk biki, duk suna, da ta sauko sai mata su tambaye ta, "Dada, wa ya kawo ki?" Ita kuma ta gyara mayafi ta ce, "Yuguda." Mutumin namu yana gefe riƙe da ƙahon keke, yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Ba ya roƙon Allah kujerar Darakta. Shi dai rana guda a yi tambayar nan ta ce, "Mijin Kadijatu."

Da matarsa Kadijatu ta kusa haihuwa, ya rantse shi zai ɗauko Dada daga gidanta da ke Nukkai ranar suna. Ya je ya sayo wata akwala da ta daɗe a gindin mangwaro, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ba wanda ya iya faɗin ƙirarta, don ƙofar nan daga wata mota take, fitilar can daga wata. Ta kawo shi gidansa a unguwar Yelwa da ƙyar, ta yi atishawa a ƙofar gida, injin ya ce ga garinku nan.

Lokacin kuwa ana tsakiyar wahalar fetur, layin mai ya fi layin sallar idi tsawo. Aka turo masa motar har unguwar Barade, garejin wani bakanike, Manga. Manga ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya cire hula.

"Oga, wannan sai addu'a. Ya rasu."

"To yaya za a yi? Suna ya matso."

"Ko ya tashi ma, ina fetur? Ka sa injin gas. Man gas yana nan ko'ina, ba layi. Kai kana wucewa, masu Fijo suna kallon ka."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta gama da shi. Ya ce, "Akwai injin?"

Akwai mana. Yana bayan gareji an lulluɓe shi da buhu, wani baƙin ƙarfe mai ƙaton wili a gefe. Injin niƙa ne na wani tsoho da ya rufe shago ya koma ƙauye. Duk Barade an san haka, ban da mutumin namu. Manga kuwa ba ya ƙarya, sai dai yana zaɓen gaskiyar da zai faɗa.

"Yana da ƙarfi?"

"Oga, injin nan shi ya ciyar da rabin Barade."

"Ya taɓa zuwa Yola?"

"Ko bakin titi bai taɓa fita ba. Shi ya sa bai gaji ba."

"Ina ya yi aiki?"

"Harkan abinci."

Mutumin ya jinjina kai, a ransa ya ce lallai daga babban kamfani aka ciro shi.

Aka yi ta fama. Injin ya ƙi shiga, aka yanke bonet. Ya shiga, gaban motar ya durƙusa kamar mai gaida sarakuwa, bayanta ya ɗage sama. Aka ɗaura durom ɗin ruwa a kan rufi, aka ja tiyo zuwa injin don kada ya yi zafi. Salansa mai fitar da hayaƙi kuwa aka miƙe ta sama. Da aka gama, mutumin ya miƙa hannu a ba shi makulli, sai Manga ya ɗora masa wani lanƙwasasshen ƙarfe.

"Wannan fa?"

"Makullin kenan. Ka sa a gaba ka wana. Ɓarawo ba zai taɓa sace maka ba, kafin ya tayar ya gaji."

"Giya nawa gare ta?"

"Tafiya da tsayuwa."

Washegari da safe ya fito da rigar ofis, ya tofa yawu a hannu, ya kama wanawa. Ya wana har jijiyar wuya ta tashi. Can injin ya yi tari, ya ja numfashi, ya ɗauka: kwaf, kwaf, kwaf-kwaf-kwaf. Baƙin hayaƙi ya tashi, kwanukan rufin unguwa suka ɗauki rawa.

Bai gama share gumi ba sai ga maƙwabciyarsa Judith da roba a ka. Bayanta wata, bayan ita ma wata. Kafin ka ce me, mata sun yi layi a ƙofar gidansa, kowacce da kwano ko ƙwarya. Daɗi ya kama shi. Ashe haka ake yi wa masu mota, har da kawo gaisuwa.

Judith ta ce, "Maƙwabci, mun ji an buɗe."

"An buɗe, Maman yara. Allah ya kawo lokaci."

"Kai, mun huta da zuwa nesa. Yana yi da laushi?"

"Laushi? Sai kin shiga kin ji da jikinki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "In shiga ina?"

"Gaba ko baya, inda kike so. Ke ai ta gida ce."

"Ni tambaya na, yana karɓan jiƙaƙƙe?"

"Ko ruwan sama ne ya dake ki sharkaf, zan ɗauke ki."

Judith ta sauke robar a gabansa. Jiƙaƙƙiyar masara ce ta kunu. Ya leƙa sauran kwanukan, ga dawa, ga wake na ƙosai, ga tattasai da tumatir na markaɗe.

"Wannan mota ce," ya ce a hankali.

"Mota a ido," in ji Judith. "Amma muryan nan na san shi. Injin Baba na Barade ne. Ko tarin shi ban manta ba, shi ya niƙa mana gero na aure na."

Bai je ofis ba ranar. Ya wuce Barade kai tsaye, kwaf-kwaf-kwaf, yana huci fiye da injin.

"Manga, injin niƙa ka sa min?"

"Da can, Oga. Da can ne."

"Mata sun cika min ƙofar gida da masara."

"Ba su samu labari ba ne. Oga, kai a ina kake aiki da?"

"Yola."

"Yanzu fa?"

"Jalingo."

"To. Shi ma taransifa aka yi masa. Ka ba shi lokaci ya saba da sabon ofis."

Mutumin ya tsaya ya auna maganar, ya ga ba ta da makusa. Shi ma ai watanninsa na farko a Jalingo ko teburi ba shi da shi. Har ya ji tausayin injin, ya shafa bonet ɗin ya juya gida.

Sai dai injin bai saba ba. Duk unguwar da ya ratsa, mata na fitowa da kwanuka. A sakatariya masu gadi suka roƙe shi ya riƙa ajiye ta bayan katanga, don matan kwatas sun fara aiko da dawa ofishin Darakta. Ya shanye duk wannan. Shi dai ranar suna yake jira.

Kadijatu ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna ta zo, sai ga labari mai daɗi: Fijon Yuguda tana layin mai, ta kwana biyu a can har an fara shanya a kanta. Mutumin namu ya sa babbar riga, ya cika durom da ruwa, ya wana, ya nufi Nukkai.

Dada ta fito da goran kindirmo da za ta kai wa mai jego. Ta ga motar, ta ga durom, ta ga hayaƙi. Ya buɗe mata baya, ta yi bisimilla ta hau, kuma da yake bayan a ɗage yake sai ta zauna can sama tana kallon ƙeyarsa.

Suka kama hanya. Abin da bai sani ba shi ne duk girgizar injin a kujerar baya take taruwa. Shi a gaba nauyin ƙarfe ya danne shi, lafiya lau yake. Dada kuwa awarwaronta na kaɗawa, 'yan kunnenta na kaɗawa, goran na tsalle a cinyarta.

Ya ɗaga murya ya gaishe ta da ɗan Fulatancin da ya iya. "Dada, jam?"

"Ja-ja-ja-jam," ta ce.

Ya ji daɗi. Sau ɗaya ya tambaya, ta amsa har sau huɗu.

Matan Nukkai kuwa ba su taɓa jin motar ba, sai suka fito da kwanuka suka biyo sautin. Suna tafe injin na tafe, sun kasa gane inda shagon yake. Da yake gudun motar da na mai sauri a ƙasa kusan ɗaya ne, ba ta tsere musu ba. Wata tsohuwa da ƙwaryar gero ta iso daidai tagarsa, ta jera da shi.

"Mai inji, tsaya mana."

"Ba niƙa ba ne, Iya. Taransifa aka yi masa."

"Ina za a kai shi?"

"Yelwa."

"To bari in riga ka, in kama layi." Ta wuce shi ta yi gaba.

Tsayawa ba ta yiwuwa, don in injin ya mutu sai an sake wanawa, shi kuma ba zai tuɓe babbar riga gaban surukarsa ba. Haka suka ratsa gari, hayaƙi a sama, Dada a tsakiya, ayarin kwanuka a baya. Lokaci-lokaci yana waiwayowa.

"Dada, a ƙara wuta?"

"A-a-a-a'a."

"Kada ki ji tsoro, ba ta fi haka ba."

Da suka shigo Yelwa, 'yan suna suka hango mata jere da kwanuka a ka bayan mota. Suka ɗauka dangin Dada ne suka yo gayya da kayan barka, aka saki guɗa, aka fito tarya. Sai da Judith ta leƙa kwano na farko ta ga jiƙaƙƙen wake, ta koma gefe ta riƙe ciki.

Ya kashe injin. Unguwa ta yi tsit. Ya zagayo ya buɗe ƙofa, amma Dada ba ta motsa ba, ko kuma a ce ba ta daina motsi ba, don injin ya tsaya ita ba ta tsaya ba. Mata biyu suka kama ta suka sauko da ita. Wata ta karɓi goran ta buɗe, ta ga kindirmon ya kaɗu tas, man shanu ya taso yana iyo a sama.

Aka shimfiɗa mata tabarma. Yuguda ma ya iso a ƙasa, takalmi duk ƙura, ya raɓe a bakin zaure. Mutumin namu ya tsaya inda kowa zai gan shi, ya gyara babbar riga. Sai wata dattijuwa ta yi tambayar da aka saba.

"Dada, wa ya kawo ki?"

Dada ta lalubi mayafinta, ta same shi a kafaɗa ɗaya, ta gyara. Ta ce, "Mijin Kadijatu."

Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa. Da mai wayo ne, nan zai juya ya tafi rabon goro. Amma daɗi ya yi masa yawa, ya matso ya durƙusa, ya ɗaga murya don Yuguda ya ji.

"Dada, ki faɗa musu tsakani da Allah. Tsakanin motata da ta Yaya Yuguda, wacce ta fi aiki?"

Dada ta dubi tabarma, haɓarta na ɗan rawa har yanzu.

"Naka ya fi aiki, ɗana," ta ce. "Na Yuguda kawo ni kawai yake yi. Naka ya niƙo ni. A ce wa Kadijatu ta miƙo rariya, saura tankaɗe."