Dagin da na yi wa Inna Hajo

Tun kafin Nasara su shigo Katsina, ni ne mai zanen bango a Runka, kuma bakina ya fi hannuna aiki. Ina fama da ciwon ido, an ɗaure min fuska da tsumman magani, sai wata tsohuwa, Inna Hajo, ta aiko daga Safana in zana mata dagi a ɗaki.

Matata ta ce, "Malam, bari ka warke."

Na ce, "Hannuna ya haddace dagi, ido ɗan rakiya ne."

Aka ja ni har Safana, gaban ɗanyen yaɓe. Ina ta jan yatsa, 'yan kallo suka yi tsit, na ɗauka gwanintata ce ta kashe musu baki. Sai Inna Hajo ta saki salati.

Na kwance tsumman. Babu dagi. Wata doguwar fuska ce mai shanyayyen ido take kallonmu.

"Malam Tanko ne," in ji Inna Hajo. Mijinta ke nan da aka binne bara, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba.

Aka shafe bangon, damina ta dawo da fuskar. Inna Hajo ta bar ɗakin.

Har yau in na gaida tsofaffi a kasuwa, sai su rufe fuska: "Wuce, mai zane, ba mu shirya ba tukuna."