Fararen Furannin da Na Shuka wa Hajja

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da uwar mijina ta zo ganin furannina ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Daga waya abin ya faro. Akwai wata baturiya da nake yawan kallo, wadda take jera tukwanen furanni a ƙofar gidanta duk lokacin da sanyin ƙasarsu ya wuce. Sai in dawo daga makarantar da nake koyarwa, in miƙe a tabarma a barandar gidanmu na unguwar Bulumkutu a Maiduguri, in yi ta kallonta har wayar ta faɗo mini a fuska. Da na lumshe ido sai in ga tsakar gidanmu cike da fararen furanni suna rausaya, iska tana kaɗa mayafina, ni kuma ina tafe a hankali da butar shayi. Kullum a ƙarshen mafarkin mutum ɗaya ce take shigowa, Hajja, mahaifiyar maigidana. Ta tsaya, ta duba hagu ta duba dama, ta ce, "Yarinyar nan ta iya."

Shekara bakwai ina jiran wannan kalma. Hajja ba ta da mugunta, yabo ne dai ba ta yi. A daji ta tashi tana bin shanun mahaifinta kafin su dawo gari su zauna a Mafoni, kuma babu ciyawar da ba ta san sunanta da aikinta ba. Ni kuwa a gidan haya na girma a Kano, inda siminti ya rufe ko'ina, ganyen da na sani bai wuce na miya ba. "Malama" take ce mini, da wata irin murya da har yau ban gane girmamawa ce ko tsokana ba.

Da zaɓen tukwane na fara, kuma a nan kam na yi ƙoƙari. Na ƙi na roba, don ranar Maiduguri ba ta barin roba ta yi tsawon rai. Na siminti kuma sun yi mini kama da na ƙofar ma'aikata. Sai na hau keke napep har Gwange wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, na zaɓi jajaye shida masu faɗin baki, ina ƙwanƙwasa kowace kamar na san abin da nake saurare. Da na ce ta huda mini gindinsu, sai ta ajiye ta hannunta ta dube ni. Sau biyu tana tambayata ko lafiya. Na yi mata dogon bayani a kan saiwa da ruwa (na baturiya ne na juya mata da Hausa), ta huda tana girgiza kai.

Na sayo iri a wata 'yar takarda mai hoton fararen furanni, na sa aka kawo mini taki daga bayan kasuwar shanu, na shuka a watan Maris kamar yadda baturiya ta ce. Ban tsaya na yi tunanin cewa Maris ɗinta daban, namu daban ba. A namu ko ƙadangare inuwa yake nema. Safe da yamma ina ban ruwa, har mai ruwa ya zama ɗan gida. Sati uku shiru. Ranar da na ga koren tsiro a tukunya ta farko, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Daga nan abu ya yi ta girma kamar ana jan sa. Ganye fato-fato, kara mai kauri. Akuyar maƙwabta, wadda ko kwali ba ta bari, ta shigo ta shinshina ta juya abinta. Na ce ko akuya ta san abin ƙasar waje. Idan na taɓa ganyen yakan bar mini wani wari a hannu, na ce haka warin na Turai yake. Sai ga furanni, farare tas, dogaye kamar kakaki, suna buɗewa da la'asar sakaliya da wani ƙamshi mai sa mutum ya manta ya ɗora tukunya. Na bar huɗu a baranda, na fitar da biyu ƙofar gida ta waje, don unguwa ma ta shaida.

Unguwa kuwa ta shaida. Maƙwabciyata ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Maman Falmata, da sanin maigida kika shuka wannan?" Na ce a raina hassada ce. Wasu samari biyu da ke zama a kwanar layinmu, waɗanda ba su taɓa gaishe ni ba, suka fara gaisuwa har da rusunawa. Rannan suka roƙe ni 'ya'yan da suka fito, wasu ƙwallaye masu ƙaya, wai su ma za su shuka. Daɗi ya kama ni, ga shi ina gyara tarbiyyar matasa da furanni. Na ce ba su nuna ba tukuna, su dawo Juma'a.

(A nan ya kamata in faɗa muku cewa maigidana shi ne sakataren kwamitin unguwa mai yaƙi da shaye-shaye. Aiki ya kai shi Biu wata uku, ni kuma na ƙi tura masa ko hoto ɗaya, wai ina so ya dawo ya yi mamaki.)

Juma'ar ya dawo, ya biya ta Mafoni ya ɗauko Hajja, don na nace ta zo. Na turara gida da turaren wuta, na naɗa laffayata mai ruwan toka, na yanko furanni uku na sa a kofin ruwa a tsakiyar farantin shayi. Ina jin tsayuwar mota na fito har waje.

Hajja ta sauko, ta fara gaisuwa irin ta garin nan, "Wushe," sai maganar ta tsaya. Ta dubi tukunyar dama, ta dubi ta hagu, daidai yadda take yi a mafarkina. Zuciyata ta cika. Na fara bayani: daga ina irin ya zo, yadda ake masa ban ruwa, da cewa ba kowane hannu yake karɓa ba. Ina magana ina ganin maigidana ya cire hula yana sosa kai, na ɗauka gajiyar hanya ce.

Hajja ta bari na kai aya, sannan ta ce a hankali, "Malama, zaƙami ne fa."

Sunan na sani. Sau nawa na ji maigidana yana faɗarsa idan yana shirya jawabin kwamiti, abin da samari ke jiƙawa su sha su kwana biyu ba su san inda suke ba. Ganinsa ne ban taɓa yi ba. Maimakon in yi shiru, sai na ruga ciki na ɗauko takardar irin na miƙa mata, ni ga mai hujja. Ta kai ta kusa da ido, ta nuna mini ganyen hoton, ƙanana sirara, ta nuna mini nawa. Ta ce irin da na saya tun a watan zafi ya ƙone a ƙasa, wannan da taki ya zo, a bayan kasuwar shanu ko'ina shi ne, kuma ko saniya mai yunwa ba ta taɓa shi.

Ina tsaye da takarda a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage, sai na ji sallama a bayana.

"Anti, kin ce mu dawo Juma'a."

Ban juya ba. Fuskar maigidana kawai na kalla, na ga ya gane su, na kuma ji ƙarar silifas ɗinsu tana nisa. Maƙwabciyata tana leƙe ta ƙofarta. Hajja ta shige ciki, ta tarar da farantin shayi da furanni uku a tsakiya, ta ce a zubar da shayin duka a wanke kofuna da toka.

Kafin magariba maigidana ya tumɓuke wata ukun da na yi ina wahala, ya cusa a buhu. Ni ina zaune a bakin baranda, kunya ta hana ni ko kuka. Hajja ta ɗaga tukunya ɗaya da aka zazzage, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta saurara.

"Tukunyar kam kin iya zaɓe," in ji ta. Sai ta kifa ta. "Wa ya huda?"

Ko a haka na karɓa. Rabin yabo ne, amma a shekara bakwai shi ne na farko.

Juma'ar da ta biyo baya sai ga ta ita kaɗai a keke napep, da dashen lalle da na'ana'a da ciyawar shayi a ƙulle a tsumma mai laima. Ta shuka da hannunta, ta ce za ta riƙa zuwa dubawa, don ba a san abin da zan sake renowa ba. Har yau tana zuwa. Mukan zauna a barandar nan mu sha shayi da na'ana'ar tukunyata, ta yi ta ba ni labarin daji har a kira salla.

Baturiya kam na daina kallonta. Yanzu duk abin da ya tsiro a gidana, ko ganye biyu ne, ba na yi masa murmushi sai Hajja ta gan shi tukuna.