Bam ɗin da Aka Kama a Karmo, Daddawata Ce

Yau ma na dawo daga ofishin Masu Girma da ƙafa a kumbure. Ni Rakiya mai daddawa ban yi boko ba, da baki nake faɗa, maƙwabciyata Maman Glory ke rubutawa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito, kada ta sa masa sukari.

Duk wadda ta san sana'ar ta san in an dafa kalwa an surfe, sai an rufe ta da ganye da buhu kwana uku, ta yi zafi da kanta, ta yi wari, sannan ta zama daddawa. A gidan haya na Karmo kuwa, ɗaki goma sha biyu tsakar gida ɗaya, wa zai yarda da warin? Shi ya sa shekara tara nake kai tukunyata ƙarƙashin kwalbatin bakin titi. Igiya ɓera ke ci, don haka da tsohuwar wayar lantarki nake ɗaure bakin.

Ashe ranar Talata wani Ranka-ya-daɗe zai bi titin. Aka tashi jirgin nan maras matuƙi, mai kukan sauro, wai idonsa na ganin zafi. Ya ga zafi a buhu, ga waya, ga kwalbati. Kafin in idar da walaha an zagaye unguwa da jan zare. Mota bakwai na ƙirga. Aka sauko da wata 'yar na'ura mai tafiya kamar kunkuru, da wani bawan Allah cikin riga mai kaurin katifa.

Na ce wa na bakin zaren, "Ɗana, tukunyata ce."

Ya ce, "Mama, koma baya, ranki muke karewa."

Suka kare raina. Ƙara ɗaya, tukunyar da na gada wurin uwata ta tashi sama, kalwa ta sauko kamar ruwan Agusta. Da warin ya bugi jarumai sai suka rufe fuska, aka ce har da guba a ciki. Sannunku da aiki!

Kada a ce ban san abin tsoro ba ne. Zacharias, ɗan wannan da ke rubutu, kaki yake sawa. Abin da aka binne a hanya can arewa maso gabas ya ɗauke masa ƙafa, kuma ya ce a ranar, da ido da sanda suke duba ƙasa. Babu mai kukan sauro a samansu. Jirgin yana nan Abuja yana gadin miya. Rubuta, Maman Glory, share hawayen ki rubuta.

Da yamma aka nuna ɓaraguzan tukunyata a talabijin, an jera a kan farin ƙyalle, wani Mai Girma yana nuni da sanda: an daƙile mummunan hari. Tun ranar sunana ya koma Iya Mai Bam. A kasuwar Gudu matan da suka shekara suna saye a hannuna, in na sauke tire sai su ja 'ya'yansu. Mai shago ya ce, "Iya, ba don ni ba, ɗan matsa gaba." Tukunya a ƙera wata. Suna fa, a wace maƙera?

Zuwa huɗu na yi ofishinsu. Yau aka kai ni gaban wani Oga mai sanyin ɗaki da sanyin murya. Na ce ba kuɗi na zo nema ba. A koma talabijin ɗin nan, mai sandan nan ya buɗe baki ya ce daddawa ce.

Ya ce, "Hajiya, takarda ta riga ta ce bam ne. Har an ba mutane lambar yabo. In kin nace naki ne, kin ga ke nan kin amsa laifi."

Na ce, "In na yi shiru fa?"

Ya ce, "Sai mu gode miki da kishin ƙasa."

Ka ji hukuncin masu ilimi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ya gudu, wannan na yarda. Amma ban taɓa jin an rataya wa mutum lamba don ya kashe tsumma ba.

Ina fita ya biyo ni har bakin ƙofa, ya rage murya. Wai madam ta gaji da dunƙulen kanti, ko ina da daddawa ta gaske, mai ƙarfi?

Na ce akwai, ranka ya daɗe. Na aro tukunya, jibi za ta nuna, tana ƙarƙashin gadona. Amma ba na aike. Ka zo Karmo da kanka, da rana tsaka, da kakinka, ka saya a gaban mutane ka sunsuna su gani. In kuma jirginku ya hango zafi a ɗakina kafin nan, a gaya masa ba duka na kalwa ba ne.