Kirefish a Gidan Surukan Ishaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je nema wa ƙanena Ishaya aure a Sabon Gari ba. Ko na so in manta, akwai dangin da suka ɗauki tuna min a matsayin sana'a.

Lokacin wayar hannu ta fara shigowa ne. Ni ina facin taya a bakin titin Samaru, Ishaya kuwa ya yi boko, bokon ya kai shi ga Ekaete, 'yar mutanen bakin teku, can wajen Kalaba. Ubanta, Papa Etim, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausar bakinsa ta fi tawa. Mahaifinmu ya rasu, don haka ni ne uba. (Uban da ya tsaya a firamare, amma dai uba.)

Tun a mota Ishaya ya ishe ni da wa'azi. "Yaya, don Allah duk abin da suka ajiye maka ka ci. Wanda ya zo neman yayarta yatsina fuska kawai ya yi a kan miyarsu, maganar ta mutu a nan. Kada ka kashe ni."

Na ce, "Ni da na ci fara, na ci gafiya, me ya rage?"

Mun iske Mama, uwar yarinyar, a tsakar gida da faranti a cinya. Tana ganin baƙi ta yi zumbur, ta dire wani ɗan kwano a kan bencin da ke gabana, ta shige ɗaki sauya zane. Ishaya ya koma mota ɗauko kayan gaisuwa. Na leƙa kwanon. Kirefish ne.

Abin nan sunayensa sun fi namansa yawa. A kasuwa kirefish, Yarabawa su ce ede, su Ekaete su ce obu, wani malamin makaranta ma ya taɓa ce min wai da Hausa jatan lande ne. Ni a wurina busasshen kyankyason ruwa ne, ko warinsa ba na so. Amma na ce a raina, to, wannan ce soyayyar farar mutanen nan, an ba baƙo ya taɓa kafin abinci. Jarrabawa ta fara.

Na dumbuza na watsa a baki. Jama'a, ƙaya ce da yashi. Gashin bakin abin ya maƙale min a maƙogwaro, wata tsakuwa ta gaisa da haƙorina. Ga kajin gidan sun kewaye ni suna miƙo wuya, har na kai wa ɗaya ƙafa.

Papa Etim ya fito, muka gaisa, ya zauna yana kallona.

"Yaya dai, suruki?"

"Kai, Papa, obun nan ya yi!" (Har da sunansa na garinsu na kira, don a san na waye.)

"Ka saba ci ke nan?"

Nan ya kamata in yi shiru. Sai na ji bakina ya ce, "Ci? Ai kamawa nake yi. A dam ɗin Samaru, da tsohon gidan sauro."

"A dam ɗin Samaru," ya maimaita a hankali. "Ni ina nan ina aikawa gida a kawo min daga bakin teku, ashe tekun na bayan shagonka." Ya ɗaga murya. "Ekaete! Kawo wa surukinmu yaji."

Aka kawo. Na barbaɗa, na share kwanon tas, hawaye na zuba ina murmushi.

Mama ta fito cikin sabon zane, tana dube-dube. "Ina kwanon kajin nan? Kawuna da tsakuwar da na tsince tun safe?"

Na gasken yana can a kan faranti, an rufe, za a daka a zuba a miya. Ba ma a ci haka nan.

Papa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ishaya na tsaye da akwatin lemo a ka, kamar an dasa shi. Mama kuwa ko murmushi. Ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Gidan da babbansu ke cinye rabon kaji, 'yata me za ta ci?"

Ƙarya ta ƙare min, sai na ce, "Mama, gaskiya ba daɗi. Ban taɓa cin abu mai muni irinsa ba, kuma ban taɓa kama ko ɗaya ba. Yaron nan ne ya ce in ci duk abin da aka ajiye. 'Yarku yake so."

Mama ta juya. "Ekaete, ba shi ruwa kafin ya fara cara. Kai kuma Ishaya, sauke kayan, ka shigo."

Aka ba mu auren. Abin da na koya kuwa kaɗan ne: idan aka dire kwano a gabanka a gidan mutane, fara duba su wa ke kallonka. In kaji ne, janye hannunka.