Sandar Injin Kawu Mai Sheƙi

Na manta da yawancin abin da aka koya mana a ajin ƙarshe na jami'a, amma ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar a Dagumawa, ranar da wani tsohon maƙeri ya ɗora magagarinsa a kan aikin da na yi wata huɗu ina yi, a gaban kawuna da matan unguwarsu. Har yau idan na ji ana gurza ƙarfe da magagari sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin ina karatun injiniya a jami'ar da ke nan Wudil, kuma tun ina aji ɗaya 'yan gidanmu suka jingine sunana, sai dai Injiniya. (Ban hana su ba. Gaskiya ma idan wani ya manta ya kira ni da sunan yanka, yi nake kamar ban ji ba.) Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da injin niƙa a Dagumawa, da shi yake ci da iyalinsa. Injin yana da lalura guda ɗaya. Sandar ƙarfen da ke juya farantin niƙa, wadda makanikai ke ce wa shaf, tana cinyewa a daidai wurin da boris, wato zoben ƙarfen da take juyawa a cikinsa, yake zama. Da ta cinye sai inji ya fara rawa, gari ya riƙa fitowa da tsaki-tsaki, mata su kwashi hatsinsu su nufi wani injin a ƙauyen gaba. Duk bayan 'yan watanni sai Kawu ya cire ta ya kai a cike wurin da walda, sannan Baba Sale maƙeri ya gasa ta a wuta ya tsoma a ruwa, ta sake lallaɓawa na ɗan lokaci.

Wata rana na je gaishe da Kawu na tarar da su biyun a tsugune a kan sandar nan suna jujjuya ta. Bayan an gama gaisawa, maimakon in samu wuri in zauna kamar ɗan mutunci, sai na tura hannu a aljihu na ce, "Kawu, ai wannan aikin da ne. Ku bar mini, zan yi muku sandar da ba za ta ƙara cinyewa ba har ku gaji da injin."

Baba Sale ya ɗago ya dube ni. Bai ji haushi ba, ko kuma ya ji ya haɗiye. Ya ce, "To madalla, Injiniya. Allah ya ba da sa'a. In ta zo ma gani."

Ni dai na san inda na dogara. A zangon nan aka koya mana wata hanyar taurara ƙarfe da ake kira naitiraidin, ta kuma shiga raina har na ɗauke ta a matsayin aikin kammala karatuna. Ba kowane ƙarfe ake yi wa ita ba, sai wanda aka gauraya da ɗan alminiyum da kuromiyum da makamantansu. Da farko za a gasa shi a tsoma a mai, a sake ɗumama shi don cikinsa ya samu juriya kada ya riƙa karyewa. Sai a fere shi ya koma daidai girman da ake so. Daga nan a rufe shi a tanderu da zafin digiri ɗari biyar da 'yan kai, a riƙa sakar masa iskar ammoniya fiye da kwana guda. Naitirojin da ke cikin iskar zai ratsa fatar ƙarfen ya haɗu da sinadaran nan, ya yi masa ɓawo mai tsananin tauri. Babu tsomawa a ruwa, don haka ba ya lanƙwashewa ko tsagewa. Amma ɓawon nan siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. (Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe. Ni da na rubuta ta a jarrabawa na ci maki, ban riƙe ta ba.)

Mai kula da ɗakin aikin ƙarfe na sashenmu wani dattijo ne, Malam Bala, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo ta saman tabarau. Shi ya samo mini guntun ƙarfen daga Kano, guda ɗaya tak, ya kuma gaya mini cewa ammoniyar da ta rage a tukunya ta tafiya ɗaya ce. Na yi makonni ina fere sandar nan ina aunawa. Ranar da za ta shiga tanderu ya ce da ni, "Duk abin da za ka yanka, yanke shi yanzu. In ta fito, hannunka ya bar kanta." Na ce to, idona na kan waya, domin a daidai lokacin ina ɗora hoton kaina ne a gaban tanderun.

Ranar Alhamis muka buɗe. Ni a zuciyata wata aba nake jira mai walƙiya irin ta cikin littafi, sai ga sanda ta fito launin toka, dishi-dishi, kamar gindin tsohuwar tukunya. Malam Bala ya gwada taurinta a kan na'ura, ya gyaɗa kai har sau biyu, wanda a wurinsa wannan daidai yake da guɗa. Ya ce, "Ta yi. Wannan ko magagari ba zai kama ta ba."

Ni kuwa raina a jagule. Mako biyu Kawu yana ta faɗa wa mutane cewa ɗansa injiniya zai kawo ƙarfen zamani daga jami'a. Ya ƙi kai tsohuwar sandar gyara saboda jiran tawa, ga shi kaka ta yi, sabon gero ya shigo, lokacin da inji ya fi samun aiki ke nan. Yanzu in tashi in kai musu wannan mummunan abu? Na hango Baba Sale yana kallonta yana kallona. Da na gwada zura boris kuma na ji ya ɗan cije, sai na samu hujjar da nake nema. (Daga baya na tuna cewa ƙarfe yakan ɗan kumbura kaɗan a wannan aikin, kuma boris dama da matsi ake shigar da shi. Amma mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.)

Washegari Juma'a, ranar kasuwar Wudil, Malam Bala ba ya nan. Bayan an sauko daga masallaci na naɗe sandar a jarida na kai wa abokina Ɗanlami mai walda. Na ce ya goge mini ita da giranda, injin gurza ƙarfe, har sai na ga fuskata a jiki.

Ya matse ƙarshenta a maƙata, ƙarfen da ke riƙe masa aiki, ya fara. Ba a jima ba ya tsaya yana share gumi. "Injiniya, wannan wane irin ƙarfe ne? Dutsena yake ci, shi ko gezau."

Na ce, "Danna dai."

Ya danna. Ya canza dutse ya sake dannawa. Can sai ya yi murmushi ya ce, "Yauwa, yanzu ya sauko. Ka ji shi ya yi laushi, sai tafiya yake."

Ni kuma na ce, "Alhamdu lillahi." Wallahi haka na faɗa. Mutum ya gaya mini da bakinsa cewa taurin ya tafi, na yi wa Allah godiya, har na saya masa lemo. Muka bi ta da samfefa, sanda ta fito tana ɗaukar ido. Na hau babur na tsallaka gada ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgin sama.

Asabar da hantsi na isa Dagumawa cikin farar shadda, sandar tana naɗe a farin ƙyalle. Kawu ya riga ya kwance injin, tsohuwar sandar tana yashe a ƙasa. Mata sun jera kwanuka da buhunan hatsi a inuwar darbejiya suna jira, maza na zaune a kan benci, Baba Sale ma ya zo da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Da na warware ƙyallen rana ta daki ƙarfen, sai na ji ana ta ma sha Allah. Kawu sai washe baki yake yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da na yi shiru a nan na miƙa sandar, da kunyar ta zo da sauƙi. Ina. Sai da na yi musu lacca. Na yi bayanin ammoniya, na yi na naitirojin, na ce zamanin gasa ƙarfe a tsoma a ruwa ya wuce. Sannan na juya wurin tsohon da kaina, ba wanda ya aike ni, na ce, "Baba, ku sa magagarinku ku gwada. In ya kama ta, ku canza mini suna."

Baba Sale ya ce, "A'a, Injiniya, ai ba sai an yi haka ba."

Na ce, "Ku dai gwada, Baba, don mutane su gani."

Ya yi bismilla ya zaro magagarin, wani tsoho mai ƙotar itace da ta sha hannu. Ya ɗora a daidai mazaunin boris ya tura sau ɗaya, a hankali ma. Magagari ya shige. Garin ƙarfe ya zubo a kan farin ƙyallena, kowa yana gani. Ya sake turawa, wataƙila don ya ba ni dama ta biyu, ya sake shigewa.

Na buɗe baki zan ce wani abu da Turanci, ko Turancin ma ya ƙi zuwa.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya juya sandar yana dubawa har ya kai ƙarshenta, wurin da Ɗanlami ya matse a maƙata, inda giranda ba ta kai ba. Nan ɗan guntun launin tokar yana nan, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya ɗora magagari a kai ya tura, sai ya zame. Ya gyara zama ya danna da ƙarfinsa, ya sake zamewa da wata siririyar ƙara, ko alama bai bari ba. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Shekara hamsin ina ƙira, ban taɓa taurara ƙarfe ya kai nan ba," in ji shi. "Wa ya goge maka sauran?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Don me?"

"Don ta yi kyau."

Ya ce, "To ai ta yi." Sai a nan wani a kan benci ya kasa riƙe dariyarsa, sauran suka taya shi.

Kawu, da yake har lokacin bai fidda rai ba, ya ɗauko boris ya zura. Boris ɗin da ya kamata a shigar da shi da matsi ya sulale ta wannan gefen ya fita ta wancan, ya gangara ƙarƙashin benci. Wata dattijuwa ta miƙe ta gyara mayafi ta ce wa Kawu, "Malam, in ɗauki kwanona ko in jira?" Ɗaya bayan ɗaya matan suka ɗora hatsinsu a ka suka kama hanyar ƙauyen gaba, Kawu yana tsaye yana kallonsu. Dariyar da aka yi mini ba ta dame ni kamar wannan ba. Na fi son ya zage ni a kan abin da ya yi. Ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar sandar daga ƙasa, ya share mata ƙura da gefen rigarsa, ya miƙa wa maƙerin da hannu biyu ya ce, "Malam Sale, a taimaka."

Ranar ni na ɗauki tsohuwar sandar a babur na kai aka cike ta da walda, ni na dawo da ita, ni kuma na zauna a maƙera ina zuga wa Baba Sale wuta cikin farar shaddata. Bai tayar da maganar ba sai da ya tsoma ƙarfen a ruwa tururi ya tashi. Ya ce, "Aikinka ya yi, ɗana. Kai ne ba ka yarda da shi ba." Kafin la'asar inji ya tashi.

Ranar Litinin na kai wa Malam Bala sandar mai sheƙi. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dube ni, ya ce, "Ka ga fuskarka a ciki?" Na ce na gani. Ya ce, "To ka ƙara kallo." Sai da aka yi wata biyu kafin a samu wani ƙarfen da wata ammoniyar. Da ta biyun ta fito da launin tokarta, na cusa ta a buhun taki na kai Dagumawa ranar da na san ba taron jama'a, ban ce uffan ba. Baba Sale ya gwada magagarinsa ya zame, muka buga boris ya zauna daram. Ita ce a injin har yau.

Ta farkon kuwa Kawu ya sa na dawo masa da ita, ya ƙi bar mini. Ya rataye ta da waya a ƙofar ɗakin injin, ita yake bugawa da safe don a san ya buɗe, mata kuma kan leƙa jikinta su gyara ɗaurin ɗankwali kafin layi ya zo kansu. Sun sa mata suna madubin Injiniya.

Tun daga lokacin, idan abu yana aikinsa, ko ya kai gindin tukunya muni, ba na kai masa giranda. Idan kuma bakina ya fara ƙaiƙayin cewa dattijo ya zo ya gwada ni a gaban jama'a, nakan tambaya tukuna ko da magagari a jakarsa.