Zalɓe Ya Koma Neman Kujerarsa

Butulci laifi ne, amma wanda ya yi wa masu ɗauke da shi butulci ya haɗa laifi da wauta.

A Dajin Gabas, Dawisu ne Gwamna. Daga hayin teku aka aiko shi, a madadin wani sarki da ba wanda ya taɓa gani. Ya kafa majalisa, kowane yanki da wakilinsa, kuma Zalɓe ne wakilin Tafki. Dokar majalisar ita ce duk wanda aka naɗa minista sai ya sauka daga kujerarsa, ya koma gida cikin kwana arba'in a sake zaɓensa. Ɗaya ya tsayar da shi, wani ya mara baya. In ba abokin takara, shi ke nan.

Aka naɗa Zalɓe Ministan Ruwa. Ranar ya miƙe ya ce wa Gwamna, "Ranka ya daɗe, lambunka fuskar ƙasa ce. Bai dace fuska ta bushe ana jiƙa ƙafa ba." Ya sa hannu aka karkatar da rafin da ke cika Tafki zuwa lambun. Majalisa ta tafa. Dinya, agwagwar Tafki, ita kaɗai Zalɓe yake tsoron ta fito takara, sai ya nema mata aiki a lambun. Kowa ya ƙona rumbunsa, an ce, ya san inda toka ke kuɗi. Shi bai sani ba.

Rana ta arba'in ya sauka Tafki tare da Hankaka, malamin zaɓe. Ba zanga-zanga, ba zagi. Laka ce kawai ta tsattsage. Kwaɗi sun yi ƙaura, gaiwa sun nutse ƙasa sun yi barci, tarwaɗa ta mutu. Tsohuwa Kififiya ce kaɗai a gindin wani kututture.

"Wa ya tsayar da Zalɓe?" in ji Hankaka.

"Rubuta ni," in ji Kififiya. "Ko shi ko wani, duk ɗaya ne."

"Wa ya mara baya?"

Hankaka ya duba hagu, ya duba dama.

Zalɓe ya yi ta caccakar laka da baki. "Iya, taimaka ki tashi su gaiwa! Murya ɗaya nake nema."

"Ɗan nan, ruwa ne ke tashinsu. Ka zo da shi?"

Hankaka ya kira sau uku, ya naɗe takardarsa.

Kafin mako an naɗa Dinya Ministar Ruwa, rafi kuma bai fasa zuwa lambu ba. Zalɓe ya rasa kujera, ya rasa muƙamin minista, ya rasa tafkin da yake kamun kifi tun yana ƙarami.